Yayana, Lauyan Tsofaffi

Shekara ashirin da uku na yi a teburin da ke bakin ƙofar ofishin Yayana. Ni ce mai ɗaukar waya, ni ce mai buga takardu, ni ce mai dafa shayi, kuma ni nake kama hannun duk wanda ƙafarsa ta gaza tsallake dokin ƙofa. Ban yi karatun lauya ba. Mijina ne ya rasu ya bar ni da yara biyu, ba abin da na iya sai keken rubutu. Yaya ya zo ya same ni ya ce, "Auta, zo ki taya ni na wata uku kafin in sami sakatariya." Har ya rufe ofishin bai nemi sakatariyar nan ba.

Mu biyar iyayenmu suka haifa, shi ne babba, ni ce ta ƙarshe, shekara goma sha ɗaya tsakaninmu. Babanmu mai gyaran agogo ne, mutum mai barkwanci da saurin baki. Yaya kuwa da i'ina ya tashi. Magana takan maƙale masa a wuya, ka ga jijiyoyin goshinsa sun tashi, idonsa ya rufe, yana ta faman turo kalma ɗaya. Ranar da ya ce shi lauya zai zama, Baba ya cire gilashin aikinsa daga ido ya dube shi.

"Lauya? Kai da sallama ma sai ka raba ta kashi uku?"

Yaya ya ce, "Ai ba d-duka lauyoyi ne masu surutu ba."

Baba ya yi dariya har da tari. Amma shi ne ya raka shi tasha ranar tafiya jami'a, kuma da ya dawo bai buɗe shago ba sai washegari.

Da ya gama karatu wani babban ofishin lauyoyi ya ɗauke shi, don a takarda ba wanda ya kama ƙafarsa. Ranar da aka fara tura shi kotu ya miƙe zai gabatar da kansa, sai harshe ya ƙi. Alƙali ya jira. Lauyan ɗaya ɓangaren ya ɗaga kai yana kallon fanka. Yaya ya ce mini ya ji kamar an yi shekara, ashe minti ɗaya ne da 'yan kai. Kafin mako ya ƙare an mayar da teburinsa ɗakin baya, kusa da inda ake jibge tsofaffin fayil, aka riƙa tura masa aikin da ba mai so: dattawa masu son rubuta wasiyya, masu son ba wani ɗansu takardar wakilci, da iyalan da aka rasu aka bar musu gado a hargitse. Abokan aikinsa suka sa masa Lauyan Tsofaffi. Da tsokana suka sa, sunan kuma ya bi shi har kabari.

A ɗakin bayan nan ne ya gano abin da ba likitan da ya taɓa gaya masa. Yawancin tsofaffi kunnensu ya yi nauyi, dole ka yi musu magana da ƙarfi, a hankali, kalma bayan kalma. In ya yi haka, sai i'inar ta sake shi. Kuma su ba sa ƙarasa masa magana kamar yadda matasa suke yi don su huta. Yakan ce, "Su ma neman kalmar suke yi, Auta. Sai mu jira juna."

Bayan shekara tara ya buɗe nasa ofishin, a saman wani kantin magani. Wata ɗaya kawai ya yi a benen. Wata rana ya fito ya tarar da wani dattijo zaune a matakala ta bakwai yana haki, takardunsa a cinya, ya kasa hawa ya kasa sauka. A makon ya yi musaya da telan da ke ƙasa. Tela ya sami ɗaki mai iska da haske, Yaya ya koma wani ɗan tsukuku mai taga ɗaya da ke kallon katangar maƙwabta. Ya kira kafinta ya yi masa kujeru huɗu masu tsayi, masu hannu, ba katifa mai laushi, don wanda ya zauna ya iya tashi da kansa. Duk takardar da zan buga sai da manyan baƙaƙe. Kuma ba mai sa hannu sai an karanta masa daga farko har ƙarshe, ko da shi farfesa ne.

Dokarsa ɗaya ce take jawo mana fushi. In 'ya'ya suka kawo tsohonsu, bayan gaisuwa sai ya ce, "Ku ɗan ba mu wuri, Auta za ta ba ku shayi." Ya rufe ƙofa. Ni ake bar wa su, suna cika suna batsewa. Wani ya ce ai shi ya kawo shi, shi ya san komai. Wata ta ce Mama ba ta gane irin waɗannan abubuwan. Ni dai sai in tambaye su sukari cokali nawa. A cikin ɗakin kuwa tambayar farko da Yaya yake yi ita ce, "Baba, kai ne kake so, ko cewa aka yi ka so?" Sau da yawa tsoho ya shigo da magana ɗaya, ya fita da wata daban.

Shaidunmu kullum mai kantin magani ne da tela. Tela yakan sauko da awo rataye a wuya, ya sa hannu, ya ce, "Rabin unguwar nan ni ne shaidar wasiyyarsu, amma har yau ba wanda ya bar mini ko allura." Tsofaffin su yi dariya. Na lura dariyar nan tana taimaka musu, don ba ƙaramin abu ba ne mutum ya zauna da ransa yana raba kayansa.

Matarsa malamar lissafi ce, 'yarsu ɗaya. Malama ta yi jinyar shekara biyu ta rasu yarinyar tana ajin ƙarshe a jami'a. Daga baya 'yar ta yi aure, aiki ya kai su nesa. Tun daga nan Yaya ya daina komawa gida cin abincin rana. Nakan zubo mana daga gidana, mu ci a teburina, shi yana karanta fayil, ni ina yi masa faɗan miya a kan takardar mutane.

Yana da shekara sittin da ɗaya Ungozoma ta zo.

Ita kaɗai ta zo, a tasi, ba ɗa ba jika. Gajeriya ce, shekara tamanin da biyu, da sanda a hannu ɗaya, jakar leda cike da takardu a ɗayan. Shekara arba'in ta yi tana karɓar haihuwa a asibiti kafin ta yi ritaya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar nan, kafaɗarki ɗaya ta fi ɗaya. Ki daina maƙale waya a wuya." Sannan ta wuce ciki tun kafin in ce bismillah.

Ɗanta ɗaya ne a duniya, injiniya, yana aiki a wani gari mai nisan awa shida a mota. Ya shigar da takarda kotu yana neman a naɗa shi mai kula da al'amuranta, a ba shi ikon ɗauke ta ya kai ta gidansa. Ya ce mantuwa ta kama ta, ba ta iya zama ita kaɗai. Ita kuwa ta ce a gidan nan mijinta ya rasu, a nan ta yi shekara hamsin da ɗaya, kuma ba ta zama buhun da za a ɗora a bayan mota ba.

Tun abin da ya faru da shi yana saurayi Yaya bai sake tsayawa gaban alƙali ba. In aiki ya kai ga jayayya, wani abokinsa yake miƙa wa. Haka ya gaya mata.

Ta ce, "Ni kai aka kwatanta mini."

"Mama, ina da m-m-matsalar magana. A kotu takan ƙ-ƙaru."

"Na ji ai, ba kurma ce ni ba. Ɗan nan, na karɓi haihuwar yaran da suka fi maganarka jinkirin fitowa. Zan jira ka."

Daga inda nake na ji Yaya ya yi dariya, irin wadda rabona da ji tun Malama tana da rai. Ya karɓi aikin.

Muka je ganin gidan, ni da shi. Ɗaki uku ne da ɗan fili, da bishiyar lemun tsami a tsakiya. Bangon falo cike yake da hotunan jarirai da iyayensu suka aiko mata, wasu sun koɗe har ba a gane fuska. Kujerar mijinta tana gefen taga, an lulluɓe ta da tawul mai tsabta. A jikin kowace ƙofa ta manna 'yar takarda da rubutun hannunta: kashe gas, kulle baya, magani bayan karin kumallo. Ta nuna mana su da alfahari. Ta ce, "Wanda ya san yana mantuwa har ya rubuta, ai bai haukace ba."

Na shiga kicin in wanke kofunan da muka sha ruwa. Da na buɗe ƙasan wurin wanke-wanke neman soso, sai na ga tukwane biyu an tura su can ciki, sun ƙone ƙurmus, hannun ɗaya ya narke. Na mayar da murfin na rufe.

A mota na gaya wa Yaya. Ya ce, "Na ga baƙin hayaƙi a silin."

"To?"

"Mantuwa daban, rashin sanin abin da kake so daban. Ta san gidanta, ta san haɗarin, ta zaɓa. In ba haka ba, Auta, duk wanda ya ƙona tukunya sai a ɗauke shi. Da ke za a fara."

Likitan da kotu ta tura ya rubuta kusan haka. Ya ce mantuwar tsufa ta fara, za ta kuma ƙaru, amma a yanzu tana fahimtar halinta, tana iya yanke shawara a kan inda za ta zauna.

Ranar shari'a na zauna a bencin baya. A nan na fara ganin Injiniya. Na zaci zan ga mai tumbi da agogon zinare, sai na ga siririn mutum mai furfura, ya haura hamsin, da gajiya a fuska. Ya durƙusa ya gai da uwarsa, ta kau da kai. Da aka kira shi ya yi magana a hankali. Ya ce sau biyu maƙwabta suna fasa mata ƙofa saboda hayaƙi. Ya ce wata safiya an same ta a bakin tsohon asibitinta, sanye da farar rigar aikinta, tana faɗa da mai gadi wai ya sa ta makara. Ya ce duk sanda wayarsa ta yi ƙara gabansa sai ya faɗi.

Alƙali, mace ce, ta yi wa Ungozoma tambayoyi da kanta. Ta faɗi ranar, ta faɗi watan, ta jero sunayen magungunanta da abin da kowanne yake yi. Da aka tambaye ta zancen asibiti ta ce, "Haka ne, ranki ya daɗe. Na tashi da safe na ɗauka ina da aiki. Kwana ɗaya ne cikin shekara ashirin da biyu da na yi ritaya. Akwai ma'aikatan da kullum suke manta suna da aiki, ba a kai su kotu ba." Har magatakarda sai da ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Sai Yaya ya miƙe. Kalmar farko ta maƙale. Na ga wuyansa ya kumbura. Na riƙe jakata da hannu biyu. Sai ya juya ya dubi tsohuwar, ya ɗaga murya kamar da ita yake, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, maganar ta fara zuwa. Ya yi bayanin rahoton likita. Ya kawo shawarar a ɗauki mai kula da za ta riƙa zuwa kullum. Sannan ya juya ga Injiniya.

"Idan Mama ta koma wurinka, g-gidan fa?"

Injiniya ya ce, "Ban sani ba tukuna. Wataƙila a ba da haya, ko a sayar, a kula da ita da shi."

Yaya ya ce, "Wato ka riga ka yi tunanin gidan."

Ba i'ina ko kaɗan a wannan maganar. Sumul ta fito. Lauyan Injiniya ya miƙe ya ƙi amincewa, alƙali ta ce a bar zancen, amma an riga an ji. Injiniya ya dubi uwarsa, ita kuma a karo na farko ta dube shi, da wani irin kallo da ban so ba.

Aka yanke cewa za ta ci gaba da zama a gidanta, mai kula ta riƙa zuwa daga safe zuwa la'asar, a sake duba lamarin bayan shekara. Washegari ta aiko mana da lemun tsami cike da leda. Yaya ya yi mako guda yana tafiya kamar an rage masa shekara ashirin. Tela ya ce, "Yanzu sai mu riƙa neman izini kafin mu gaishe ka." Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba. Shekara talatin da wani abu yana ɗauke da kunyar rana ɗaya, ga shi ya sauke.

Wata bakwai aka yi lafiya. Wata ranar Alhamis Ungozoma ta nemi tabaranta ta rasa, ta ce mai kula ce take ɓoye mata kaya, ta kore ta, ta karɓe makulli. Ba wannan ne karo na farko ba. Matar ta saba, takan bari kwana biyu fushin ya wuce, ta dawo kamar ba a yi ba. Don haka ba ta kira kowa ba. Ranar Juma'a da safe tsohuwar ta zame a banɗaki, ƙugunta ya karye. Sai ranar Asabar da la'asar wata maƙwabciya ta ga ruwa yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar gida, ga tagogi a rufe tun jiya. Aka fasa. Famfo yana zuba, ita kuma tana kwance a kan tayil, cikin ruwa, da sauran numfashi.

Kwana tara ta yi a asibiti. Mun je a rana ta uku. Injiniya yana tsaye a baranda, na gaishe shi ya amsa, Yaya ya gaishe shi ya ɗaga kai kawai. A ciki ta ƙanƙance kamar yarinya. Ba ta gane Yaya ba. Ta ɗauka likita ne, ta ce masa ya wanke hannu kafin ya taɓa kowa. Ya ce to, Mama. Ya je wurin famfo ya wanke, ya dawo ya tsaya a gefen gadon har nas ta ce lokaci ya yi.

Mako biyu bayan rasuwarta Injiniya ya zo ofis, da yake wasiyyarta tana hannunmu. Da hantsi ne. Na kawo shayi bai taɓa ba. Zan fita in ja ƙofa ya ce, "Baiwar Allah, zauna. Ke ma kina kotun."

Yaya ya karanta. Gajeriya ce. Gida da duk abin da ke ciki na ɗanta ne, ban da hotunan jarirai da jakar aikinta, waɗanda ta ce a kai wa ma'aikatan ɗakin haihuwa. Ya gama, ya tura masa takardar.

Injiniya ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Ban zo faɗa ba, Lauya. Aikinka ka yi. Abu biyu kawai nake so ka ji daga bakina."

Yaya ya ce, "Ina ji."

"Tun kafin in shigar da takarda na gyara mata ɗaki. A ƙasa yake, ba matakala. Na cire tayil ɗin banɗaki na sa mai kaushi, na kafa ƙarfen riƙewa a bango, da hannuna. Matata ta ɗinka labule. Har lemun tsami na dasa a bakin tagar, don na san za ta yi kewar nata. Yana nan, ya kai ƙuguna yanzu." Ya dubi Yaya. "Bayan kotu, in na kira ta, sai ta ce, 'Gidan yana nan, bai gudu ba,' ta kashe. Wata bakwai abin da nake ji ke nan. Da can ba ta taɓa yi mini wannan zaton ba. Fushi take yi da ni, amma ba ta taɓa cewa kayanta nake so ba."

Injiniya ya ci gaba.

"Na biyu. A asibiti ta manta da kotu, ta manta da kai, ta manta da komai. Ni kaɗai ta gane. Kullum in na shiga sai ta kama hannuna ta ce, 'Me ya sa ka bar ni ni kaɗai? Na yi ta kiranka.' Kwana tara tana tambayata. Ban san abin da zan ce mata ba. Sai in ce ki yi haƙuri, Mama, na makara."

Ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Ya yi mini godiyar shayi, ya fita.

Yaya bai ci abinci ba ranar. Na bar shi har la'asar, sannan na shiga na zauna a ɗaya daga kujerun tsofaffi.

Na ce, "Yaya, ba kai ka kore mai kula ba."

"Na sani."

"Likita ma abin da ya rubuta ke nan."

"Auta, in aka sake k-kawo mini ita gobe, zan sake tsaya mata. Gidanta ne, ranta ne. Ba wannan ke d-damuna ba." Ya cire tabarau ya ajiye. "Maganar gidan nan. Ban san ko g-gaskiya ce ba. Ban bincika ba. Na faɗa ne don na san za ta ci mana shari'ar. Kuma da na ji ta fito ba t-tangarɗa, daɗi na ji."

Na tashi na kwashe kofuna.

Ya rubuta wa Injiniya wasiƙa, da hannunsa, bai ba ni in buga ba. Sau uku ina ganin yagaggun takardu a kwandon shara kafin ya ba ni ambulan in kai gidan waya. Ban san abin da ke ciki ba. Amsa ba ta zo ba. Wata biyu yana tambayata ko akwai saƙo, daga baya ya daina.

Bai sake shiga kotu ba. I'inar ta dawo fiye da da, har da tsofaffin ma wani lokaci. Dokar fitar da 'ya'ya tana nan, amma ya ƙara wata: in ya gama da tsoho, sai ya ce in zauna da shi, ya kira 'ya'yan su kaɗai ya tambaye su, "Ku me kuke tsoro?" Wasu su yi ta kame-kame. Wasu kuwa, manya da furfurarsu, su fashe da kuka. Aikin awa ɗaya ya koma na awa uku. Ya kuma sa na fitar masa da sunayen duk masu zaman kaɗaici a cikin mutanenmu, suka kai talatin da wani abu. Kowace Juma'a da safe sai ya bi su da waya ɗaya bayan ɗaya. Ba zancen aiki, gaisuwa kawai. In wani bai ɗauka ba sau biyu, sai ya ɗauki makullin mota. Yawanci mukan tarar mutum yana barci ne, ko wayar ta mutu. Wata tsohuwa ta taɓa korar mu da tsintsiya, ta ce ko mutuwarta muke jira.

Shekara shida ya yi a haka, sannan zuciya ta fara ba shi matsala. Tafiya daga mota zuwa ƙofa sai ya tsaya ya huta. Likita ya ce ya ajiye aiki. Wata huɗu muka yi muna rufe ofis, don bai yarda a kwashe fayil a kwali a miƙa ba. Kowane mutum sai an kira shi, an gaya masa, an tambaye shi ko ya yarda a mayar da takardunsa wurin lauyar da ke tsallaken titi, ko zai karɓi abinsa. Da yawa muka tarar sun riga mu gidan gaskiya ba wanda ya sanar da mu. Irin waɗannan Yaya yakan riƙe fayil ɗin ya ɗan jima, ya faɗi wani abu game da mai shi, wannan ba ya shan shayi da madara, wannan ita ce mai kyanwa uku, sannan ya miƙo mini.

Gidana ya dawo, ɗakin babban ɗana da ya yi aure. 'Yarsa ta zo da yaranta ta yi mako uku, ta roƙe shi ya bi ta, ya ce tafiyar ta fi ƙarfinsa, kuma gaskiya ne. Kafin ta koma ta same ni a kicin ta ce, "Gwaggo, in wani abu ya faru ki kira ni ko ina cikin aiki." Wata biyar bayan nan na kira ta. Ranar Talata ce, bayan abincin rana. Ya ce zai ɗan kishingiɗa, in tashe shi in rana ta yi sanyi. Da na je tashinsa ya riga ya tafi.

Mutane sun zo gaisuwa sosai, yawancinsu da sanduna, wasu an turo su a keke. Sai da muka aro kujeru masu tsayi daga maƙwabta.

Lambar wayar ofis tana hannuna har yanzu, ban iya rufe ta ba. Kira ya ragu, amma akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin gidan waya, da yake kira duk bayan mako biyu ko uku. Yakan ce yana son magana da Lauya, zai canza wani abu a wasiyyarsa. Karo na farko na gaya masa. Ya yi kuka, ya yi addu'a mai tsawo. Bayan mako biyu ya sake kira da tambayar nan, na sake gaya masa, ya sake yin kukan kamar yau ya fara ji. A karo na uku na nemi 'yarsa, ta ce in yi haƙuri, haka yake yanzu, kuma takardunsa suna wurin sabuwar lauya, komai daidai.

Yanzu in ya kira sai in ce Lauya ba ya kusa. Ya ce to, a gaishe shi, a ce masa ba sauri. In ce zai ji. Daga nan ya tambaye ni yara, in tambaye shi ƙafa, mu yi hira kamar minti goma, har ya ce 'yarsa ta kawo masa magani.